Kwalba mai zuƙa ko sirinji? Bitar kayan ɗaukar jini na Vacutainer a asibitocin Legas

Duk wanda ya taɓa zuwa gwajin jini a ƙaramin asibiti a Agege, Mile 12 ko Alaba Rago ya san yadda ake yi. A ɗaure masa dantse da safar hannu ko guntun robar ƙarin ruwa, a soka sirinji mai mil 5, a ja jini, sannan a buɗe ƙananan kwalabe masu murfin murɗawa a rarraba. Haka aka saba, kuma yana biyan buƙata. A manyan asibitoci da manyan ɗakunan gwaji na Ikeja da Yaba kuwa sai ka ga wani salo daban: allura ɗaya a hannu, kwalabe masu murfi kala-kala wannan ta fita wannan ta shiga, jini na kwarara ciki da kansa babu mai jan komai. Waɗannan kayan ne ake kira Vacutainer, kuma su muka duba, saboda yanzu sun fara isowa ƙananan asibitocin unguwanninmu, sau da yawa ba tare da an koya wa mai riƙe da allurar yadda ake sarrafa su ba.

Sunan na kamfanin BD ne na Amurka, wanda ya fara sayar da su a 1949, shekara biyu bayan Joseph Kleiner ya ƙirƙiro dabarar. Amma sunan ya bi kowace kwalba irinta, kamar yadda Omo ya zama sunan kowane garin sabulu. Akwai Vacuette na kamfanin Greiner, akwai kuma tarin waɗanda ake shigowa da su daga Sin da Indiya, waɗanda su ne suka fi yawa a shagunan kayan asibiti na Idumota.

Ra'ayinmu tun farko: ga babban mutum mai jijiya mai kyau, wanda za a yi wa gwaji biyu ko fiye, wannan hanya ta fi sirinji nesa ba kusa ba. Ta fi tsafta, ta fi kare ma'aikaci, kuma ta fi bayar da sakamakon da likita zai dogara da shi. Sai dai kaya ne masu ƙa'ida. Idan aka karya ƙa'idar, za su ba ka sakamakon ƙarya a cikin kwalba mai kyan gani, wanda ya fi na sirinji hatsari domin ba wanda zai yi zarginsa.

Abu uku ne suka haɗu suka zama kayan. Na farko allura mai baki biyu. Dogon bakin shi ke shiga jijiya, gajeren kuma yana lulluɓe da 'yar roba mai laushi wadda ke matsawa baya idan an turo kwalba, ta dawo ta toshe idan an zare, shi ya sa jini ba ya zuba tsakanin kwalba da kwalba. Na biyu mariƙi, wani bututun roba da ake murɗa allurar a kansa, mai kunnuwa biyu a gindi inda ake kafa yatsu. Na uku ita kanta kwalbar, wadda aka zuƙe iskar cikinta tun daga masana'anta daidai da adadin jinin da ake so ta sha, mil 2, mil 4 ko mil 5, da layi a jikin takardarta mai nuna inda jini zai tsaya.

A wannan zuƙewar iskar duk amfanin kayan yake. Kusan kowace kwalba da magani a cikinta, kuma an auna maganin ne daidai da jinin da za ta ɗauka. Mai zuba jini daga sirinji da ido yake aunawa, kuma idan jinin bai isa kwalba uku ba sai ya ɗan ɗiga wa kowace. Kwalba mai zuƙa ita ke auna wa kanta.

Launin murfi ba ado ba ne

Mai murfi shuɗi mai haske tana ɗauke da ruwan sitiret mai ƙarfin kashi 3.2 cikin ɗari, ta gwajin daskarewar jini ce, irin wanda ake yi wa mai shan wafarin, maganin tsinka jini, ko wanda za a shiga da shi tiyata. Ita ce mafi tsanani a kan cika: kashi 9 na jini, kashi 1 na magani. Idan ta tsaya ƙasa da layi, maganin ya rinjayi jinin, sakamako zai nuna jinin mutum ba ya daskarewa da wuri alhali lafiyarsa ƙalau, ko likita ya rage wa mara lafiya maganin da yake buƙata. Ɗakin gwaji na gari mayar da irin wannan kwalba yake yi, kuma daidai ya yi.

Mai jan murfi da mai murfi ruwan gwal duka na jinin da ake so ya daskare ne a sami ruwansa, domin gwajin hanta, ƙoda, kitse, ciwon hanta da makamantansu. Bambancinsu shi ne ta ruwan gwal tana da wani kauri kamar man shafawa a gindinta. Idan aka wulwula ta a inji, kaurin ya taso ya tsaya tsakanin gudan jini da ruwansa kamar katanga. Za mu dawo kanta, domin a ganinmu ita ce kwalbar da ta fi cancantar kuɗinta a garin nan. Mai koren murfi heparin ce a ciki, maganin hana jini daskarewa, ta gwajin gishirin jini da ake so cikin gaggawa ba tare da jiran daskarewa ba. Mai murfi shunayya, wadda ma'aikata ke kira fafal, EDTA ce a ciki, shi ma maganin hana jini daskarewa, kuma ita aka fi ƙararwa a asibitocin unguwa: ƙidayar ƙwayoyin jini, PCV, wato awon yawan jini, na mata masu zuwa awo, jinotaif na masu shirin aure, rukunin jini, da gwajin suga na wata uku. Idan ba ta cika ba, EDTA na tsuke jajayen ƙwayoyin jini, PCV ya fito ƙasa da gaskiya, a ce wa mai ciki jininta ya yi ƙasa fiye da yadda yake. Sai mai murfi ruwan toka, mai fuloraid, ta gwajin suga.

A nan akwai tarko babba ga wanda ya saba da kwalaben murɗawa. A cikin waɗancan, sau da yawa EDTA da koren murfi take zuwa, ta suga kuma da rawaya. A masu zuƙa kore heparin ne, ruwan gwal kuma na daskarewa. Asibitin da ke amfani da iri biyun a kan tebur ɗaya yana jiran ranar da hannu zai ɗauki kore a kan sabo. A karanta rubutun jikin kwalba, kada a dogara da launi kaɗai, kuma in da hali a tsaya a kan iri ɗaya.

Jerin cikawa shi ne abin da aka fi sakaci da shi, kuma shi ya fi ɓata sakamako. Gajeren bakin allura yana huda murfi bayan murfi, yana iya kwaso ɗan maganin wannan ya kai waccan. Saboda haka akwai jeri: kwalbar neman ƙwayar cuta a jini ita ce farko, sai shuɗiya, sai ja ko ruwan gwal, sai kore, sai fafal, ruwan toka a ƙarshe. Dalilin ya fi fitowa fili a kan fafal. EDTA ɗin cikinta haɗe take da fotashiyam, kuma aikinta kame kalsiyam. Idan aka cika ta kafin kwalbar gwajin ƙoda, ɗan abin da ya tsallaka ya isa ya ɗaga fotashiyam sama ya kuma jefar da kalsiyam ƙasa. Fotashiyam na mai lafiya yana tsakanin 3.5 da 5.0 ne. Likita ya ga 7 a takarda dole hankalinsa ya tashi, domin wannan adadi na iya tsayar da zuciya. Haka ma idan aka juye jini daga fafal zuwa wata kwalba don a cike giɓi. Wannan kada a taɓa yinsa ko da jinin ya yi wuyar samu.

Bayan an zare kowace kwalba sai a juya ta a hankali, kai ƙasa kai sama. Shuɗiya sau 3 zuwa 4, ja da ruwan gwal sau 5, kore da fafal da ruwan toka sau 8 zuwa 10. Juyawa, ba girgizawa ba. Girgiza na fasa ƙwayoyin jini, rashin juyawa kuma na barin ƙananan gudaji a cikin fafal waɗanda ke rage ƙidayar ƙwayoyin da ke tsayar da jini, su kuma toshe injin.

Yadda kayan suke a hannu

Kafin allura, suna. Unguwanninmu cike suke da Muhammadu da Abdullahi da A'isha, kuma mutane da yawa sunan garinsu ne sunansu na biyu, don haka ba abin mamaki ba ne a sami masu suna iri ɗaya sak su biyu a kan benci ɗaya. Kada a ce "Kai ne wane?", domin dattijon da bai ji sosai ba zai amsa da to. A ce, "Baba, faɗa min cikakken sunanka," sannan a haɗa da lambar kati, tunda ba kowa ya riƙe ranar haihuwarsa ba. A tambayi ko ya ci abinci idan gwajin na buƙatar a zo da yunwa, wato awa 8 aƙalla ga gwajin suga, kuma ruwa zalla ba ya ɓata wannan. A tambayi ko ya taɓa suma wurin ɗaukar jini. In ya taɓa, a kwantar da shi. Ba a ɗaukar jinin mutum yana tsaye.

Hannun riga ma abin dubawa ne. Kaftani mai matsattsen hannu, ko doguwar riga da Hajiya ta naɗe ta kai dantse, na iya matse hannu kamar robar ɗauri, jini ya ci gaba da tsattsafowa bayan an zare allura har wurin ya kumbura. Gara a zare hannun daga rigar gaba ɗaya, a bayan labule, mace ta samu mace in akwai.

Ana ɗaura robar kamar yatsu huɗu sama da lanƙwasar hannu, santimita 7 zuwa 10, kuma kada ta wuce minti ɗaya. Idan neman jijiya ya ja lokaci, a kwance, a jira minti biyu, a sake. Ɗauri mai tsawo na sa ruwa ya fice daga jijiya jinin ya yi kauri, furotin da kalsiyam su fito sama da gaskiya. A ce wa mutum ya dunƙule hannu sau ɗaya ya riƙe. Buɗewa da rufewa da ake sa mutane yi, wai don jijiya ta taso, yana sakin fotashiyam daga tsoka kai tsaye cikin jinin da za a ɗiba.

Jijiya da yatsa ake nemanta, ba da ido ba. A fatarmu ba kasafai ake ganin korenta ba, balle a hannun da aka yi wa lalle, amma yatsa zai ji ta tana lotsawa tana dawowa kamar robar ƙarin ruwa cike da ruwa. Abin da ya yi tauri kamar igiya ba ita ba ce, abin da ke bugawa kuma a guje shi. Zaɓi na farko jijiyar tsakiyar lanƙwasa, domin ba ta gudu kuma ba ta cika zafi ba. Na biyu ta gefen babban yatsa. Ta ɓangaren jiki, gefen ƙaramin yatsa, ita ce ta ƙarshe ko da ta fi kowace fitowa, saboda a ƙarƙashinta jijiya mai bugawa take, tare da jijiyar da ke kai saƙon ji da motsi zuwa yatsu. Ba a taɓa cikin wuyan hannu. Ba a ɗiba daga hannun da ake ƙarin ruwa, ko gefen da aka cire wa mace nono, ko hannun da aka yi wa mai wankin ƙoda haɗin jijiya, ko kan tabon ƙuna da kumburi.

A goge da sifirit mai ƙarfin kashi 70, a bar shi ya bushe da kansa, kimanin daƙiƙa 30. Ba a hurawa, ba a fifitawa, ba a sake taɓawa. A ja fata ƙasa da babban yatsa don jijiya ta tsaya, a shiga da yankakken bakin allura yana kallon sama, a karkace tsakanin digiri 15 da 30.

Daga nan ne kayan suka bambanta da sirinji, kuma nan sababbin hannu suke faɗuwa. Da sirinji kana ganin jini a gindin allura da zarar ka shiga. Allurar Vacutainer ta gama-gari ba ta nuna komai sai ka tura kwalba. Turawar kuma tana buƙatar ɗan ƙarfi, kuma idan hannun da ke riƙe da mariƙi bai kafu a jikin hannun mara lafiya ba, allurar za ta matsa gaba ta huda jijiyar ta fita ta baya. Dabarar ita ce a maƙala yatsu biyu a kunnuwan mariƙi, a tura gindin kwalba da babban yatsa, ƙarfin ya tsaya a cikin mariƙin bai kai ga allura ba. Wurin zarewa ma haka, a dafe kunnen a ja kwalbar. Akwai allura mai 'yar taga da ke nuna jini da zarar an shiga. Ta fi tsada, amma ga asibitin da ke koyon kayan muna ganin ta cancanci ƙarin.

Kada a tura kwalba har ƙarshe kafin allura ta shiga fata. Iska ta shige, kwalbar ta mutu. Haka idan bakin allura ya ɗan leƙo waje ana cikin ɗiba, za a ji ɗan sauti kamar tsaki, jini ya tsaya, sai dai a sa wata. Da jini ya fara zuwa a kwance ɗauri a ce ya saki hannu. A bar kowace kwalba ta sha har ta tsaya da kanta. A ƙarshe a zare kwalba tukuna, a tabbatar ɗauri a kwance yake, a ɗora auduga, a zare allura, sannan a danna. Dannawa allura na ciki yana yanka jijiya. A riƙe minti 2 zuwa 3 hannu a miƙe, mai shan maganin tsinka jini minti 5 ko fiye. Lanƙwashe hannu a kan auduga, wanda kusan kowa ke yi, shi ke buɗe hujin ya bar baƙin tabo na kwana da kwanaki. A rubuta suna a jikin kwalba nan take, a gaban mai jinin.

Idan mutum ya ce ya ji kamar wutar lantarki ta ratsa zuwa yatsunsa, a zare nan da nan, ba a gyara allura. Idan jini ya zo ja wur yana harbawa, jijiya mai bugawa aka samu, a zare a danne da ƙarfi minti 5 aƙalla. Idan an soka sau biyu ba a dace ba, a kira wani. Lalube da allura a cikin nama ba ƙwarewa ba ce.

Mutane da yawa na tsorata da ganin kwalba uku ko huɗu, su ce za a ƙarar musu da jini. Yana da kyau a yi musu bayani da abin da suka sani: kwalba uku masu mil 4 ba su cika babban cokalin cin abinci ba, jikin babba kuwa na ɗauke da kusan lita 5.

Inda kayan suka gaza

Kwalba mai zuƙa ba ta san lallashi ba. Ƙarfinta ɗaya ne, kuma gaba ɗaya take sakinsa. A hannun ɗan dako na Mile 12 ko mahauci na abbatuwar Oko-Oba, mai jijiya kamar igiyar guga, wannan ba komai ba ne. A hannun tsohuwa, ko ƙaramin yaro, ko mai sikila da aka sha soka tun yana jariri, ko wanda gudawa ta ƙarar wa ruwan jiki, ko direban da ya kwana biyu a hanya daga Arewa bai sha ruwan kirki ba, zuƙar na manne bangon jijiya da bakin allura. Jini ya ɗan taho ya ɗauke. A irin wannan hali sirinji ya fi, domin hannu na iya ja a sannu. Don haka ba mu ba kowa shawarar ya kawar da sirinji daga tebur ba. Ana iya gwada ƙaramar kwalba mai mil 2, wadda zuƙarta ba ta kai ta babba ba, ko allura mai fukafukai da ake kira bataflai, lamba 23, a bayan hannu. Kamfanin Sarstedt na Jamus na da wata mai suna S-Monovette wadda ake iya ja a hankali kamar sirinji ko a mayar da ita mai zuƙa, kuma dabara ce mai kyau ga irin waɗannan jijiyoyi, in an same ta. A watan azumi a ƙarfafa wa mutane zuwa da safe, domin bayan la'asar jijiyoyi sun kwanta.

Bataflai na da nata sharaɗin. Siririn bututunta cike yake da iska, kusan rabin mil a mai tsawo. Idan shuɗiya ce kwalbar farko, iskar za ta cinye wurin jini ta tsaya ƙasa da layi. Sai a fara sa wata kwalba marar magani ko wata shuɗiyar, jini ya cika bututun, a yar da ita, sannan a sa ta gaske.

Game da kaurin allura, lamba 21 mai koren marufi ita ce ta yau da kullum ga manya, 22 mai baƙi ga ƙananan jijiyoyi. Lamba na ƙaruwa allura na sirancewa. Wasu na zaɓar mafi siriri don tausayi, amma matso jini ta ƙaramin rami da ƙarfin zuƙa yana fasa ƙwayoyinsa. Jinin da ya fashe ana gane shi bayan an wulwula: ruwan da ya kamata ya fito rawaya-rawaya sai ya fito ja-ja kamar ruwan wankin nama. Abin da ke cikin ƙwayoyin ya zube waje ke nan, fotashiyam da wasu alamomin hanta su hau. Maganinsa sake ɗiba, wato mara lafiya ya sake biyan kuɗin mota daga Ikorodu ko Ojo.

Idan an ɗiba da sirinji za a zuba a kwalba mai zuƙa, nan ne wuri mafi hatsari ga ma'aikaci. Riƙe kwalba a hannun hagu a soko ta da allura mai jini da hannun dama shi ne yadda ake huda yatsa. A kafa kwalbar a mazauninta a kan tebur, hannu ɗaya kawai ya yi aikin, a bar ta ta zuƙa da kanta. Ba a danna sirinji: dannawa na fasa jini, tana iya tunkuɗo murfi jini ya fantsama. Akwai ɗan abin juyewa da ake ɗaurawa a bakin sirinji, mai allurarsa a ɓoye a ciki, kuma shi ya fi dacewa.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Sukar allura daga mai wannan cuta na iya harbin wanda bai yi rigakafi ba har kusan sau 30 cikin 100 idan cutar na kan ganiyarta, na ƙanjamau kuwa kusan 3 cikin 1,000. Duk mai riƙe allura ya kamata ya kammala rigakafin nan guda uku: yau, bayan wata ɗaya, da bayan wata shida. In tsautsayi ya faɗa, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu, a sanar, a fara maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72, kuma gara a awannin farko, a sha kwana 28.

Shi ya sa batun mariƙi ke damunmu. An yi shi ne a yi amfani da shi sau ɗaya a jefa tare da allurar a akwatin allurai. Abin da aka fi yi don tsimi shi ne a mayar wa allura marufi, a warware ta, a ci gaba da mariƙi ɗaya har ya dafe. Mayar da marufi da hannu biyu na daga manyan hanyoyin sukar kai, gajeren bakin allurar na baya ma yana suka, kuma ƙwayar ciwon hanta na rayuwa mako guda a busasshen jini a jikin roba. Asibitin da zai sayi kwalabe amma ba zai sayi isassun mariƙai ba ya zubar da rabin amfanin kayan. Akwatin allurai kuma a rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu, a miƙa wa masu kwashe sharar asibiti na LAWMA, ba bolar unguwa ba inda yara ke tone-tone.

Zafi da gosulo

Rubutun jikin kwalin ya ce a ajiye tsakanin digiri 4 da 25. Rana a Legas ta saba wuce 30, balle cikin shago mai rufin kwano ko but ɗin mota. Kwalaben yanzu na roba ne, kuma roba na barin iska ta shiga a hankali, zafi na hanzarta hakan. Shuɗiya ta fi saurin lalacewa domin maganinta ruwa ne, yana iya ƙafewa. Saboda haka kwanan watan ƙarewa a jikin kwalba ba na ado ba ne, kuma kwalbar da ta sha zafi na iya mutuwa kafin ranarta. Alamar ita ce kwalabe daga tire ɗaya suna ta tsayawa ƙasa da layi a hannaye daban-daban masu jijiya mai kyau. In aka ga haka, laifin ba na ma'aikaci ba ne, a janye tiren.

Yawancin ƙananan asibitoci ba su ke yin gwajin ba, tarawa suke ɗan aike ya kai babban ɗakin gwaji. Jini kuwa ba ya daina aiki don ya bar jiki. Ƙwayoyinsa na ci gaba da cin sugan da ke ciki, kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a kowace awa, fiye da haka a zafi. Jinin da aka ɗiba da ƙarfe takwas a Agege, ya jira ɗan aike, ya shiga cunkoson hanyar Ikeja, aka auna shi da azahar, zai iya nuna mai ciwon suga a matsayin mai lafiya idan ba a kwalba ruwan toka yake ba. Ita ma fuloraid ba nan take take kamawa ba, sugan na ɗan sauka a awa ɗaya zuwa biyu na farko kafin ya tsaya. Wasu kuma don gudun zafi sai su jefa kwalbar gwajin ƙoda cikin firij ko kan ƙanƙara ba a raba ta ba. Sanyi na sa ƙwayoyin jini su saki fotashiyam, sakamako ya hau. Ƙa'ida ita ce a raba ruwan jini da ƙwayoyinsa cikin awa biyu.

Nan kwalba ruwan gwal ta yi fice. A bar ta a tsaye minti 30 ta daskare, a wulwula minti 10, katangar nan ta rufe. Daga nan ruwan ya rabu da ƙwayoyi ba tare da an buɗe murfi ba, ana iya sanyaya ta, kuma gosulon gadar Third Mainland ba zai canza komai a cikinta ba. Kada a wulwula kafin ta gama daskarewa, domin zaren gudan jini zai tsaya a sama ya toshe inji, kada kuma a sake wulwula ta karo na biyu. Ga asibitin da ke aika samfur nesa, ƙaramin injin wulwulawa tare da wannan kwalba ya fi kowane gyara da za a yi tasiri. A jera kwalabe a tsaye cikin kula, kada su taɓa ƙanƙara kai tsaye, a cusa abin da zai hana su karo da juna a bayan babur.

Kuɗi: sun fi sirinji da kwalbar murɗawa tsada, kuma farashin na bin dala tunda daga waje ake kawo su. Ga gwaji ɗaya tak, kamar jinotaif, bambancin amfanin ba shi da yawa idan hannun ya ƙware. Daga kwalba biyu zuwa sama, ko gwajin daskarewa, ko duk abin da za a aika nesa, sun biya kuɗinsu da sake ɗiba ɗaya da aka kauce masa. Na BD da Greiner mun fi amincewa da daidaiton cikarsu. Daga cikin masu araha akwai nagari, akwai kuma waɗanda murfinsu ke da tauri har allura ta motsa wurin turawa, ko ba su da layin cika sam, ko takardar jikinsu ta rufe kwalbar duka ba ka ganin jini.

Mara lafiya ma yana da abin dubawa: shaidar rajistar HEFAMAA a bango, wato hukumar jihar Legas mai sa ido kan asibitoci, da ta MLSCN, hukumar ƙasa mai kula da ɗakunan gwaji, ga ɗakin gwaji, allura da aka ɓare a gabansa, da sunansa a jikin kwalba kafin ya tashi.

Mai saye a Idumota ya nemi tire mai ɗari cif a cikin ledarsa ba a farke ba, lambar rukuni da kwanan wata na jikin kwalba su yi daidai da na kwali, kuma saura aƙalla wata shida. Ya guji wanda aka baza a rana a bakin shago. Shuɗiya a saye ta kaɗan-kaɗan daidai buƙata. Kafin a ɗauki kwali da yawa na sunan da ba a sani ba, a sayi tire ɗaya, a ɗaura allura a mariƙi, a tsoma bakinta a kofin ruwa, a tura kwalba biyar daga wurare daban-daban na tiren. Duka biyar ɗin su sha har layi su tsaya a wuri ɗaya. Idan biyu suka gaza, a bar wa mai shago kayansa.